Na Fita Nema wa Baba Ƙiba

Ni tela ce, kuma tela ba a yi mata ƙaryar jiki. Mace ta zo ta yi ta rantsuwa cewa tana nan yadda take tun bara, ni dai ba na musu, tef ɗin awo kawai nake zagaya mata in yi shiru. To, a watannin da suka biyo bayan rasuwar Mama, na rage ƙugun wandunan Baba har na rasa inda zan ƙara kamawa. Ba a jima ba kuma, Allah ya gani, nawa kayan buɗe su na shiga yi, ina ƙara ƙyalle ta gefe inda ba mai lura. Duka biyun abu ɗaya ne ya jawo su.

Baba direban bas ne na cikin gari, irin dogayen nan masu ƙofa gaba da baya. Ya fara tun kafin a haife ni, bai sauka ba sai da gashin girarsa ma ya yi fari. Kafin gari ya waye ya fita, da yamma ya dawo yana warin man inji da sabulun gareji. Bai san garin nan da sunayen tituna ba, da ramuka ya san shi. Ka tambaye shi gidan wane, sai ya ce, "Ka wuce gangaren nan da birki ke kuka, tasha ta gaba, inda matar nan mai lema take tsayar da ni kullum ba ta gama shiri ba." Duk shekarun nan bai taɓa gogar jikin motar wani ba, kuma bai taɓa barinmu mun manta da hakan ba. Ranar da ya ajiye aiki suka ba shi kyautar agogon bango, mutumin da ya ƙare rayuwarsa agogo na korarsa. Ya rataye shi a bayan ƙofa, inda ba zai riƙa ganinsa ba.

Da ya bar aiki sai ya koma fitar da kujera ƙofar gida yana yi wa direbobin da ke wucewa jarrabawa. Ba wanda ya taɓa ci. "Dubi yadda ya sha kwanar nan, sai ka ce buhuna ya ɗauko ba mutane ba." Ni kuwa Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ina jin sunan nan ne ya hau mini kai. Tun ina ƙarama nake ganin ni ce na san abin da ya dace da kowa a gidanmu.

Mama 'yar ƙaramar mace ce mai baki, ba ta zama wuri ɗaya. Abu ɗaya ne ke ba ni kunya da ita: ba ta zuba wa kanta abinci. Sai ta ajiye wa Baba nasa, ta yi ta kai-kawo tsakanin kicin da falo da wani tsohon cokali mai lanƙwasasshen wuya a hannu, duk wucewa sai ta kai wa farantinsa hari.

"Ke wai ba ki da faranti ne a gidan nan?" in ji Baba.

"Naka ya fi daɗi," in ji Mama da baki cike.

Haka za su yi ta yi har farantin ya ƙare. In akwai baƙo a gidan, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina tausayin Baba sosai, mutum ya yini a kan titi, ya dawo gida a hana shi cin abinci cikin kwanciyar hankali.

Bayan rasuwarta na ɗauko shi ya dawo gidana, ɗakin da ke jikin shagona. Ranar da muke kwashe kicin ɗinta na jefa cokalin nan cikin kwandon tarkace. Baba ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi a jikin rigarsa, ya sa a aljihu. Na ce a raina, tsufa ke nan.

Daga nan na ɗaura ɗamarar hutar da shi. Na sayo tire mai hannu, na sayo faranti mai murfi da kofin gilashi, na ɗinka masa ƙyallen goge baki da hannuna har da ado a gefe. Na tara 'ya'yana na kafa doka: idan kakansu yana cin abinci, ba shiga, ba leƙe, ba roƙon nama. Ni da kaina nake kai tiren, in durƙusa in ajiye, in ja masa ƙofa a hankali. In na koma ɗauka sai in tarar ya ɗan tona gefe ɗaya, ya mayar da murfin.

"Baba, ba ka ci ba."

"Na ci, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Albarka kam na sha ta, amma tiren yadda ya je haka yake dawowa.

Da wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, na kai shi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Likitar ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta cire tabarau. Ta ce in muka dawo ƙarshen watan gobe sikelin bai motsa sama ba, za ta kwantar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. Ni na san Baba ya san robar nan, don ita ce a hancin Mama a kwanakinta na ƙarshe, kuma shi ne ke zaune a gefenta yana riƙe mata hannu kada ta fizge. Sai da muka shiga tasi ya kama hannuna, yana kallon waje, ya ce, "Uwata, kada ki bari su sa mini abin nan." Na ce ba za a sa ba. Na faɗa da ƙarfi, alhali ban san ta inda zan fara ba.

Da farko na zargi girkina. Na tambayi maigidana ya gaya mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya yi dogon tunani, irin wanda ya isa a ce an ba da amsa, sannan ya ce, "Ɗinkinki dai ba na biyunsa." Na ajiye masa wannan a raina zuwa wani lokaci.

A nan ne dabara ta faɗo mini, kuma na yi ta yaba wa kaina. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin abincin rana a waje, ai abincin waje bakinsa ya saba da shi. Garinmu kuwa cike yake da zaurukan abinci, irin manyan wuraren nan da ake tara masu girki da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da 'yar rumfarsa a gefe, tebura a tsakiya, ka sayi naka a inda ka ga dama ka nemi wurin zama. Na ce za mu bi su ɗaya bayan ɗaya har mu faɗo kan wanda zai buɗe masa ciki. Da rana ta yi sai in rufe keke, in kulle shago, in goge masa takalmi, mu kama hanya.

Na fara da mafi tsada, don ubana ba na banza ba ne. Yana can saman wani katafaren kanti, sai an hau matattakalar nan mai tafiya da kanta. Baba ya hau ta kamar a nan aka haife shi, ni ce na tsaya ina ɗaga ƙafa ina mayarwa har layi ya taru a bayana. Sanyin wurin har cikin haƙori. Na sayo masa kaza da soyayyen dankali, aka miƙo mini wani abu mai kama da murfin gwangwani aka ce in riƙe, wai shi zai sanar da ni in abincin ya kammala. Ba wanda ya gaya mini zai yi rawa. Muna zaune ya kama kyarma yana walƙiya a cinyata, na yi salati na wurgar da shi, ya gangara har ƙarƙashin teburin wasu mutane masu kwat. Da rarrafe na ɗauko shi. Baba ko a jikinsa, ya manna goshi a gilashi yana kallon bas-bas a ƙasa.

"Wancan ya makara," ya ce. "Dubi yadda yake korar fasinja."

Ya ɗauki dankali ɗaya ya juya shi, ya ajiye. Ni kuwa an koya mini zubar da abinci zunubi ne. Na cinye nawa, na jawo nasa, na cinye don tsoron Allah.

Na biyu a cikin babbar kasuwa yake, rufin kwano, hayaƙi, hayaniya, mata na kiranka ta ko'ina, wannan ta ce 'yar'uwa, waccan ta ce ƙawata. Ni kuma ban iya ƙin mutum ido da ido ba. Kafin mu samu wurin zama na sayi shinkafa a wurin ɗaya, kifi a wurin wata, taliya a wurin wadda ta ce na yi mata kama da yayarta. Na jere wa Baba su a gabansa, na matsa gefe don in ba shi sarari, na kori wata mage, na harari wani mutum da ya so zama kusa da shi. Baba ya kalli farantan nan ya ce, "Baƙi za mu yi?" Ya ci cokali biyu na shinkafar. Sauran kuwa ba sai na faɗa ba.

Na uku a unguwar ofisoshi yake, wata mai kawo mini ɗinki ce ta ce can ake cin abincin lafiya. Aka kawo mana ganye a kwanon katako, an yayyafa masa wasu 'yan ƙwayoyi. Baba ya leƙa ciki ya ɗago.

"Uwata, laifin me muka yi musu?"

Wannan ma ni na cinye, nawa da nasa, kuma da yake ganye ba ya riƙe ciki, sai da na tsaya a hanya na sayi burodi.

Haka muka yi ta yawo. Mun je na kusa da tashar jirgin ƙasa, inda kowa ke ci da jaka a tsakanin ƙafafu. Mun je na bakin kogi, inda ƙuda suka fi masu saye yawa. Mun je wani a ƙarƙashin ƙasa da na kasa gane ƙofar fita, muka yi ta zagaye rumfar mai shayi har ya fara gaishe mu. Ko'ina tsarin ɗaya ne: in zaɓa masa wuri mai kyau, in goge teburin, in ajiye masa farantinsa shi kaɗai, in tsare shi kada kowa ya dame shi, in zuba masa ido. Ya tona, ya ture, in jawo. A wasu zaurukan har an gane ni. Na ji wata mai miya tana raɗa wa abokiyarta, "Ga matar nan da ke kawo tsoho ya kalle ta tana ci."

Ana cikin haka wata tsohuwar mai kawo mini ɗinki ta shigo shago, ta dube ni sama da ƙasa, ta washe baki.

"Ikon Allah! Ashe ƙaruwa muka samu? A shekarun nan naki? Allah ya raba lafiya."

Babbar 'yata tana shirin gama makaranta fa. Na ce mata shinkafa ce. Ba ta yarda ba, ta fita tana yi mini addu'a.

Dariya ake yi, ni ma ina taya su, amma in na ɗauko wandon Baba a kan keke dariyar guduwa take yi. Ranar komawa asibiti ta matso. Na riƙa satar aunawa da ido in ya miƙe tsaye, ina ganin yadda bel ɗinsa ke neman sabon rami. Tsoro nake ji ƙwarai. Na yi wa ubana alkawari, kuma abin da na iya yi kawai shi ne in cinye masa abinci a kowace kusurwa ta garin nan.

Akwai zaure ɗaya da na tsallake da gangan, wanda ke bayan tsohon garejin bas. Na san shi daga nesa: ƙasa baƙi ƙirin da man inji, bencuna maimakon kujeru, ba ko labule. Na ce ubana ya gama wahala, ba zan mayar da shi cikin dattin da ya baro ba. Ran nan mun fito za mu wani sabon wuri da aka ce ana kunna kiɗa a hankali, ni kuma tun safe ban sa komai a bakina ba, don na fara abin da nake kira rage ciki. Muna cikin bas sai na ga Baba ya miƙe ya danna ƙararrawa.

"Baba, ba nan ba ne."

"Na sani."

Ya sauka, dole na bi shi, ina haki ina tattare zani.

Tsakar rana ce, wurin ya cika maƙil da direbobi da kwandastoci, kowa da rigar aiki, wasu ma a tsaye suke ci, ido na kan ƙofa inda motocinsu suke. Wata ƙatuwar tsohuwa a bayan tukwane ta ɗago kai, ta saki ludayi. Uwar Direbobi suke kiranta, na ji daga baya.

"La ilaha! Wa nake gani? Direba, kai ne ka koma haka? Wa ya cinye ka?"

Na sunkuyar da kai, don amsar tana tsaye a bayansa.

Suka gaisa, ta yi masa ta'aziyyar Mama, suka ambaci Matsa-Ciki suka yi masa addu'a. Matsa-Ciki kwandastan Baba ne na shekara da shekaru, wani siririn mutum mai muryar da ke fasa kunne, sunan ya bi shi ne don abin da yake yini yana faɗa wa fasinja ke nan. Ya riga Mama rasuwa. Uwar Direbobi ba ta tambaye mu abin da za mu ci ba. Ta ɗauko wani faffaɗan farantin ƙarfe, ta zuba shinkafa, ta kwarara miya, ta ɗora yankan nama a tsakiya, ta soka cokali biyu, ta dangwarar mana a kan benci.

Raina ya ɓaci. Faranti ɗaya, ni da ubana? Na ce, "Baiwar Allah, mu biyu ne fa. A kawo wani."

"Ina zuwa," ta ce, ta juya ga layin da ke jiranta, kuma daga ganin ƙeyarta na san ba ta zuwa.

Na tura wa Baba farantin gabansa, na naɗe hannu ina jiran nawa. Ya ɗauki cokali ya riƙe, yana kallon ƙofa. Tururi na tashi. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata mutumin da ke bayana ya ji. Na kalli naman nan, na kalli Baba. Na ce a raina, ai ƙarshenta dai ni zan cinye, yau ɗin ma kamar kullum, to me ya rage in jira ya huce? Hankalinsa na waje. Na zaro ɗaya cokalin a hankali, na miƙa hannu.

Ƙas!

Ban ga tahowarsa ba. Cokalinsa ya doki nawa har sai da yatsuna suka yi zafi.

"Kai, ɓarawo! Ba ka da..."

Ya tsaya. Ya kalle ni, na kalle shi. Ni kunya ta kama ni, mace da 'ya'ya manya an kama ta tana satar naman ubanta a bainar jama'a. Shi kuma ban san me ya kama shi ba. Sai kawai na ga ya ɗebi naman ya kai baki, yana tauna yana hararata.

Uwar Direbobi ta ƙyalƙyale da dariya daga can. "Ashe hannun bai mutu ba!"

Sai a lokacin na dubi wurin da kyau. Duk bencin da na kalla, mutum biyu ne a kan faranti ɗaya, direba da kwandastansa. Hutun nasu ɗan kaɗan ne, layin kuma dogo, faranti ɗaya ya fi saurin fitowa, don haka tare suke ci, wanda ya yi sanya ya koma mota da yunwa. Cokula sai ƙas-ƙas suke yi ta ko'ina, ana zagin juna da baki cike. Ni da na yi ta yawon gari ina tsare ubana kada ƙuda ya sauka kusa da shi, ashe a nan ya koyi cin abinci, da gwiwar hannun wani a haƙarƙarinsa.

Na sake miƙa cokali, wannan karon ta gefensa, na ɗebo shinkafar da ya tara.

"Ke! Ba ki da gefenki ne?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Naka ya fi daɗi" ba.

Na ce shi ke nan, na ɓata komai, na tono masa abin da ke kwance. Sai ya jawo farantin wajensa da yatsa ɗaya, ya kare shi da hannun hagu, ya duƙa. Na jawo, ya jawo. Wallahi ban taɓa sanin tsohon nan yana da sauri haka ba. Duk inda na nufa ya riga ni, in na yi dama ya tare, in na yi hagu ya kwashe. Ni da na yi suna a zaurukan garin nan, na tashi da yunwa. Ya kankare farantin, ya lashe cokali, ya ɗaga murya ya ce, "A ƙaro miya, wannan yarinyar ta shanye!"

A bas, a hanyar komawa, ya zauna kujerar gaba yana kallon hannun direban, bai kushe shi ba ko sau ɗaya. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Matsa-Ciki da hagu yake sata, sai ka tsare masa hagu. Uwarki kuwa hira take ja. Ta tambaye ka wani abu, kana ɗaga kai ta ɗauke." Ya ɗan yi murmushi. "Ke ba ki iya ba. Numfashinki ake ji tun daga nesa."

Kwanakin da suka rage kullum muna can. Na daina goge benci. Na koyi zama da gwiwar hannu a waje. Direbobin suka fara ajiye mana wuri, wasu har tsayawa suke yi kallo suna zuga shi, ba mai zuga ni. Wani ma ya ba ni shawara in riƙa cire awarwaro, wai ƙararsu ke tona mini asiri.

Ranar asibiti, Baba ya hau sikeli da takalminsa, likitar ta ce ya cire. Ya cire. Na rufe ido. Na ji ta yi ɗan tsaki irin na mamaki, ta ce ya motsa, kaɗan ne amma ya motsa, a ci gaba da duk abin da ake yi, maganar roba a ajiye ta tukuna. Baba ya sauko yana gyara bel kamar ba shi ake magana a kai ba. Likitar ta dube ni ta saman tabarau, ta nuna sikelin da biro.

"Malama, ke ma ɗan hau mu gani."

Na ce mata muna sauri.

Da muka dawo gida na shiga kicin da murna na yi girki, kuma don ku san irin kaina, sai ga ni na ɗauko tiren nan mai hannu. Faranti mai murfi, kofin gilashi, ƙyalle mai ado. Na kai, na durƙusa, na ajiye, har na kama ƙofa zan ja. A can zauren na iya, amma a gida, a ɗakinsa, sai kunyar ta dawo mini sabuwa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Zauna."

Na zauna a bakin tabarma. Ya miƙe a hankali, ya buɗe akwatinsa, ya ɗaga rigunan aikinsa da ke ninke, ya zaro cokalin Mama. Ya goge shi a jikin rigarsa kamar ranar nan, ya miƙo mini.

Na karɓa na juya shi a hannuna. Duk rayuwata na ɗauka kankarar gindin tukunya ce ta lanƙwasa shi. Amma ni tela ce, na san bambancin abin da ya goge da abin da aka doka. Bayansa duk 'yan lotsattsun tabo ne, ɗaya kan ɗaya, wasu sun tsufa har sun yi santsi, kuma duka ta gefe ɗaya suke, gefen da hannun daman Baba ke fitowa. Tun kafin a haife ni ake dukan cokalin nan, ni kuma ina gefe ina jin kunyar baƙi.

Ya buɗe murfin farantin, ya ture tiren gefe, ya ajiye farantin a tsakaninmu. Ni kuwa idona ya riga ya cika, ba na ganin komai sai hazo. Na yi kewar Mama a lokacin nan fiye da ranar da aka fita da ita.

"Kin tuna rigar nan shuɗiya da kika fara ɗinka mata," in ji Baba a hankali, "wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

Na ɗago kai, na kai bakin mayafi ina share ido. "Na tuna, Baba. Ta sa ta har ta..."

Da na sauke mayafin, naman ba ya nan. Baba yana tauna, nasa idon ma ya yi ja.

"Uwarki," ya ce, "ba ta taɓa bari an yi mata haka ba. Ɗauki cokalin."